Madubin da Aka Ɗauke wa Baffa

Ranar Laraba muka kai Baffa makwancinsa, bayan azahar, a maƙabartar da ke gefen gonakin rake in ka fita daga Makarfi. Kafin mu dawo an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a sun fara taruwa. Kwana uku ina zaune a wurin ina amsa gaisuwa, ina kallon masu zuwa. Abin da na gani a kwanakin nan shi ya sa na ɗauki biro.

Wasu mata sun zo daga Paki a bayan a-kori-kura. Suka shiga wajen Inna, matar Baffa, suna cewa ai shi ne mutumin nan da ya hana su shan ruwan kududdufi ba tare da tacewa ba. Wani dattijo Kirista, manomi, ya taho daga Gubuchi a kan keke. Ya jingine keken, ya cire takalmi, ya zauna a ƙarshen tabarma, sai ya fashe da kuka irin na yara. Aka ce masa ya yi haƙuri, mamaci addu'a yake buƙata. Ya ce, "Na sani. Ku dai bar ni tukuna." Liman, abokin Baffa tun suna samari, bai yi kuka ba, amma sau biyu yana fara addu'a murya tana ƙin fita, sai wani ya ƙarasa.

Rana ta uku sai ga farar mota daga birni. Mutum uku suka fito da manyan riguna, wai an aiko su daga ma'aikata. Aka matsa musu a tsakiya. Bayan "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", babbansu ya gyara murya ya ce gwamnati ta yi babban rashi, ma'aikaci mai gaskiya irin marigayi sai an tona, Allah ya jiƙansa. Na dubi Liman. Kansa a sunkuye yana jan carbi, ko amin bai ce ba. Ni na ce amin ɗin, don ni ma ma'aikacinsu ne, kuma na saba.

Da suka tafi wani cikin sababbin maƙwabta ya tambayi na kusa da shi, "Wai shi Malam likita ne a da?" Aka ce a'a. Wani ya ce, "Mai duba jini ne." Daga nan hira ta koma kan tsadar taki. Duk abin da mutumin nan ya yi a duniya, iyakar abin da ya rage a bakin mutane ke nan.

Ni ɗan ƙanensa ne. Ubana ya rasu ban yi wayo ba, Baffa ya ɗauke ni, ya sa ni makaranta, ya yi mini aure. Shi ya yi ta zirga-zirga har na sami aikin akawu a ofishin lafiya na yankinmu. Tun daga ranar ya daina kirana da sunana, sai Akawu. In yana cikin nishaɗi, Malam Akawu.

Aikinsa a ɗakin gwaji ne na wani ƙaramin asibiti: ɗaki ɗaya, taga ɗaya, dogon benci da kwalabe. Gajere ne, marar yawan magana, mai irin tsabtar nan da take gajiyar da na kusa. Ba ya cin goro ranar aiki, wai kada yatsunsa su ɓata gilashi. Kuma yana da saurin fushi, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ya taɓa korar wani babban ɗan kasuwa daga ɗakin saboda ya kawo fitsarin gwaji a kwalbar man gyaɗa da ba a ɗauraye ba, har da bin sa bakin ƙofa da faɗa.

Madubin duba ƙwayoyin cuta da ya fara aiki da shi tsoho ne, mai ido ɗaya, sai an juya shi wajen taga yake samun haske. Da irinsa, in za a duba jini sai an shafa a gilashi, an bari ya bushe, an zuba masa rini. Wato sai an kashe abu kafin a gan shi. Sai wata shekara wasu masu bincike suka zo daga ƙasar waje, suka yi damina biyu suna zagaya ƙauyukan Ikara da Kudan suna nazarin cututtukan da ke biyo ruwa. Baffa ne ya yi musu aikin gwaji. Sun zo da wani madubi mai ido biyu, da fitilarsa a ciki, an ƙera shi yadda yake sarrafa haske ya fito da abin da yake garau kamar ruwa, ba sai an rina ba. Ka ɗiga ɗanyen jini, ka leƙa, ka ga abin da ke ciki yana motsi. Da za su tafi suka bar wa asibitin shi, suka ce sun bar shi ne don sun ga akwai mai hannun riƙe shi.

Ranar da ya nuna mini, ya ce, "Akawu, shekara da shekaru gawa nake dubawa ina ba da labarin mai rai. Yau na ga mai ran da kansa. Kawo yatsanka."

Ya soke ni da allura, ya ɗiga jinin, ya daidaita, ya ce in leƙa. Da farko ban ga komai ba sai jajayen ƙwayoyi birjik. Ya ce in yi haƙuri in dubi gefen hagu. Can na ga wata ƙwaya dabam tana rarrafe a hankali, tana miƙa jiki kamar mai lalube, har ta kewaye wani ɗan ɗigo ta haɗiye shi.

"Irin waɗannan ne ke yi maka gadi tun ranar da aka haife ka," in ji shi. "Ko sannu ba ka taɓa yi musu ba."

Shi da Liman ba su taɓa zama ba su yi musu ba. Liman yana ganin Baffa ya cika leƙen abin da Allah ya ɓoye, da an so mu gani da an ba mu idon gani. Baffa bai amsa masa da baki ba. Wata safiya ya je fadama ya kamo ɗan ƙaramin kifi a gwangwani, ya aika aka kira Liman. Ya naɗe kifin a jiƙaƙƙiyar auduga, ya bar jelar a waje, ya shimfiɗa ta a gilashi. Liman ya cire hula ya sunkuya. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Mene ne wannan mai gudu haka?"

"Jini ne, Malam. A cikin jelar kifi."

"Ɗaya bayan ɗaya suke wucewa."

"Hanyar ce ƙarama, ba ta ɗaukar biyu."

"Kuma ba mai ture wani." Ya ƙara matsa idonsa jikin madubin. "A jikina ma haka abin yake?"

"Har cikin fatar idonka."

Liman ya ɗago yana subhanallahi, idonsa ya kawo ruwa. Sai kuma ya ɗaure fuska ya ce, "To maza ka mai da bawan Allah ruwa kada ya mutu, alhakinsa a wuyanka." Baffa ya hau keke da gwangwaninsa ya koma har fadama. Bayan haka ya nuna wa Liman ɗigon ruwan kududdufi, kuma daga bakin Liman ne maganar tace ruwa ta shiga masallatai har ta kai Paki. Musu dai ba su daina ba, sun koma yin sa a kan wasu abubuwan.

Dattijon nan na Gubuchi da ya yi kuka a kan tabarma, a lokacin magidanci ne sabon zuwa daga kudancin Kaduna, ya zo noma shi da matarsa. Sai ya fara barci a gona, fartanya a hannu. Mutane suka ce giya ce. Wasu suka ce sammu ne daga gida. An yi ta ba shi maganin zazzaɓi a banza. Baffa ya gan shi yana gyangyaɗi a layin asibiti, ya taɓa bayan wuyansa ya ji ƙulli. Duba marar lafiya ba aikinsa ba ne, sai da ya yi cacar baki da malamin asibiti kafin a bar shi ya zuƙo ruwan ƙullin da allura. Ya leƙa, sannan ya kira matar.

"Zo ki gani da idonki. Kin ga wannan siririn mai kaɗa jiki? Shi ke sa mijinki barci. Ba giya ba ce, ba kuma hannun kowa. Ƙudan tsando ne ya cije shi can garinku."

Matar ta durƙusa a ƙasan ɗakin tana kiran sunan Allah da yarensu. Wata biyar ana zagin mijinta a kasuwa. Maganin ciwon barci kuwa sai a wani asibiti mai nisa, kuma ita ba ta taɓa wuce Makarfi ta wannan ɓangaren ba. Baffa ya nemi hutun kwana biyu, ya shiga motar kaya da mutumin, yana tallafe da shi kada ya faɗo. Mutumin ya warke, tun daga nan kuma duk kaka sai ya kawo wa Baffa buhun masara. Duk kaka kuma sai Baffa ya yi masa faɗa, ya ɗebi kwano biyu, ya sa a ɗaure masa sauran a keke.

Sai soja suka sake karɓar mulki, aka shiga tsuke bakin aljihu. Rini ya ƙare a asibiti ba a kawo wani ba. Gilashin gwaji sai a wanke a sake, a wanke a sake, har ya yi zane. Wutar lantarki ta zama baƙuwa. Baffa ya samo tsohon batirin mota, yana ɗaura shi a keke ya kai caji wajen bakanike duk bayan kwana biyu. Da yake sabon madubin ba ya buƙatar rini a gwaje-gwaje da yawa, ɗakinsa bai tsaya ba. Daga Saulawa, daga Kudan, mutane suna tsallake asibitocin da ke kusa da su suna zuwa wajensa.

Ni kuma a ofis ba ni da hira sai ta madubin Baffa. Alfahari nake yi. Na ba da labarin kifin nan ya fi a ƙirga.

Wata rana takarda ta zo daga sama. An gama ginin wani babban asibiti a birni, wani babban soja zai zo buɗewa, amma ɗakunan fayau suke. Aka ce a tattaro kayan aiki masu kyan gani daga ƙananan asibitoci, aro ne, na sati biyu. Shugabanmu ya karanta, ya ɗago ya dube ni yana murmushi.

"Ai ga madubin nan da kake damun mu da shi. Kai za ka je. Baffanka ne, ba zai yi maka gardama ba."

Na so in ce wani abu. A watan nan an kori mutum biyu daga ofishinmu saboda sun makara, matata kuma tana da ciki. Na karɓi takardar.

Muka isa da hantsi, ni da direba da wani soja mai bindiga. Akwai mutane a benci suna jira. Na shiga na durƙusa.

"Baffa, ina kwana?"

"Lafiya lau, Akawu. Ya iyalin? Ya mai jikin?"

"Da sauƙi, Baffa."

"Madalla. Yau kuma da rakiyar soja?"

Na miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta daidai yadda take, ya mayar mini.

"Wa ya gaya musu?"

Na kau da kai.

"Sati biyu suka ce, Baffa."

"Kai ka yarda?"

"Haka aka rubuta."

"Na ga an rubuta. Kai nake tambaya."

Sojan ya buga ƙofa da gindin bindiga ya ce a yi sauri. Baffa ya ce masa akwai jinin mutum uku a kan benci, a bari ya duba su, ba zai wuce rabin awa ba. Sojan ya ce ba a aiko shi jira ba. Baffa ya dube ni. Da na buɗe baki na ce a jira, mai yiwuwa da an jira, don takardar a hannuna take, ni ne ɗan aiken. Na dubi ƙasa.

Shi ya haɗa kayan da kansa. Ya kwance idanun madubin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe kowanne a auduga. Ya yagi takarda ya rubuta yadda ake kunna shi, da yadda ake goge shi, da cewa kada a ajiye shi inda akwai danshi, ya sa a cikin akwatin madubin. Bai ba sojan ba, ni ya miƙa wa.

"Da hannu biyu. A cinyarka za ka ɗora shi, ba a bayan mota ba."

A cinyata ya yi tafiyar har birni. Cikin duk abin da ya kamata in yi masa a ranar, wannan kaɗai na yi.

Sati biyu ya zama wata biyu, ya zama shekara. Baffa ya yi ta rubuta wasiƙun tuni. Ta teburina suke bi, ni nake buga musu hatimi in tura gaba, na kuma san inda suke ƙarewa. Bai taɓa zagina ba. Bai daina amsa gaisuwata ba. Abin da ya yi kawai, ya koma kirana da sunana na yanka, kamar yadda ake kiran baƙo. Da matata ta haihu ya zo suna, ya yi wa jariri addu'a, ya tafi kafin a kawo abinci. Inna ta yi magana, Liman ya yi magana. Ya ce musu shi ba ya fushi da kowa.

A asibiti ya koma kan tsohon madubi, ga shi babu rini. Sabon shugaban asibitin matashi ne, shi ma ana matsa masa daga sama. Layi yana tsawo, magani ɗaya ne a kanti, na zazzaɓin cizon sauro. Ya ce wa Baffa ya riƙa rubuta zazzaɓin a takardar kowa, a ba su abin da ke akwai su tafi. Baffa sai ya riƙa rubutawa: ba a duba ba, babu kayan aiki.

"Malam, tona mana asiri kake yi," in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, matar nan da ke waje wata uku tana shan maganin nan, ba ta warke ba. In na rubuta zazzaɓi za ta sha na wata na huɗu. In na rubuta ban duba ba, wataƙila mijinta ya kai ta inda za a duba. Abin da idona bai gani ba hannuna ba zai rubuta ba."

Da aka tashi rage ma'aikata, sunansa yana ciki. Dalilin da aka rubuta shi ne ɗakinsa ba ya aikin komai. Kuma a takarda gaskiya ne: ɗakin gwajin da ya yi watanni bai fitar da sakamako ba. A jikin bango ya ga sunansa, cikin mutane, da gilashin gwaji a hannunsa. Ba ni na buga wannan takardar ba, amma na san da ita kwana uku kafin a manna. Ban je na gaya masa ba. Kunya ta hana ni, na bar shi ya ji a bango.

Ya koma gonarsa ta rake. Mutane ba su daina zuwa gida da kwalabe a ƙunshe cikin tsumma ba. Sai ya fito zaure ya ce musu, "Ku yi haƙuri, an karɓe mini ido." Wasu suna ɗauka makanta yake nufi, su yi masa jaje su tafi.

Shekaru suka tafi a haka. Wata rana aiki ya kai ni babban asibitin nan na birni, na yi ta tambaya har aka haɗa ni da mai kula da sito. Ya kai ni wani ɗaki a can baya, rufinsa yana yoyo. Akwatin yana ƙasa, an ɗora masa karyayyun kujeru. Na buɗe. An sace fitilar. Tsatsa ta ci jikin. Idanun sun yi fari fat da fumfuna, kamar gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Takardar Baffa tana nan a ninke yadda ya sa ta, ba wanda ya taɓa buɗewa. Mai siton ya ce ranar buɗe asibiti an ɗora shi a tebur an ɗauki hoto, washegari aka kawo nan, don ba wanda ya iya aiki da shi. Na ce ko zan iya tafiya da shi haka nan. Ya ce sai da takarda daga sama.

Na dawo da niyyar in faɗa wa Baffa gaskiya, ya yi mini duk abin da zai yi. Na same shi a zaure bayan la'asar yana feren rake. Muka gaisa.

"Na je birni, Baffa. Na ga madubin."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. "Yana aiki?"

Na dubi furfurarsa, da kaushin da noma ya yi wa yatsun nan da ko goro ba ya bari su taɓa. Sai na ji bakina yana cewa, "Yana aiki. Ɗalibai ake koya wa da shi."

"Suna rufe shi in sun gama?"

"Suna rufewa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gutsuro raken ya miƙo mini.

"To, alhamdu lillahi. Zauna, Akawu, ka sha rake."

Na zauna ina sha, hawaye suna zuba, na ce masa tari ne ya sarƙe ni. Daga ranar muka koma kamar da. Lokaci-lokaci sai ya tambaye ni labarin ɗaliban birni, ni kuma in ƙara wata ƙaryar a kan ta jiya. Har wata malama na ƙago masa, mai faɗa irin nasa, wadda ba ta barin kowa ya taɓa madubin da hannu mai maiƙo. Ya yi dariya ya ce wannan ta san aikinta. Haka muka yi har ciwon da ya ɗauke shi, wanda bai wuce kwana tara ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta aika a kira ni ɗakinta, tana cikin takaba. Za ta ba ni rigunansa ne in raba. Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya mata komai: siton, da yoyon, da ƙaryar da na yi ta yi wa mijinta har ya koma ga Allah yana ɗauka gaskiya ce.

Ta saurare ni har na gama, tana ninke riga.

"Ai ya sani," ta ce.

Ta ajiye rigar, ta ci gaba.

"Shekarar da aka sallame shi ya shiga mota ya je da kansa. Ya roƙi mai siton ya buɗe masa. Ya dawo ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Ni kaɗai ya gaya wa, ko Liman bai sani ba."

"To ranar da na zo na ce masa…"

"Ya shigo nan ya zauna inda kake zaune. Ya ce, 'Yaron nan ya je ya gani. Ya gaji da ɗaukar abin shi kaɗai, ya yi mini ƙarya don in ji sanyi. Bari in bar masa ita.'"

"Inna, me ya hana shi gaya mini?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya gaya maka, da wane ido za ka sake shigowa gidan nan? Shi kuma so yake ka riƙa shigowa."

Ta ɗora mini rigunan a hannu ta ce in tashi in tafi, za ta yi salla.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya yi wa mutanen da ba su san ko sunan aikinsa ba ya tarye shi a can. Waɗanda suka yi masa abin da suka yi kuwa, har yau ban iya kai ƙararsu wajen Allah ba. Duk lokacin da na ɗaga hannu na fara jero su, sai in tarar da kaina a cikinsu.